Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi kan Kalmomi Masu Kama da Juna a Harsuna Daban-daban

Akwai wani zance da ke yawan tasowa a majalisu da azuzuwan makarantu. Wani zai tsinci kalmar Hausa a bakin mutanen wata ƙasa mai nisa, ko ya ga sunan garinsu a rubuce a jikin kayan waje, nan take ya yanke hukunci: ko dai su suka ara daga wurinmu, ko kuwa asalinmu ɗaya. Mutumin Gummi zai ga an rubuta Gummi a ledar alewar Jamus. Mutumin Anka zai ji cewa Turkiyya tana ƙera jirgi marar matuƙi mai suna Anka. Mai kallon finafinan Indiya zai ji ana cewa mata, kaka, dawa. Daga nan sai a gina tarihi sukutum a kan haruffa huɗu ko biyar. Tambayar ita ce, yaushe kamannin kalmomi ke zama hujja, yaushe kuma yake zama arashi kawai? Yammacin Zamfara, wato ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, wuri ne mai kyau na duba wannan batu, domin sunayen garuruwansa da kalmomin sana'ar haƙar zinariya da ta sa duniya ta san Bagega sun tattara kusan kowane irin misali.

Ma'anar kalmomin da za a yi aiki da su

Ilimin bin diddigin asalin kalma shi ne Turawa ke kira etimoloji, malaman Larabci kuma suna tattauna makamancinsa a babin ishtiƙaƙi. Masu wannan fanni sun kasa kamannin kalmomi gida uku. Akwai kalmomin gado, waɗanda harsuna biyu suka gada daga tsohon harshe guda da ya haife su. Akwai kalmomin aro, waɗanda wani harshe ya karɓa daga wani ta hanyar ciniki, addini, mulki ko maƙwabtaka. Sai kamannin arashi, inda kalmomi biyu suka yi kicibis a furuci ko a rubutu alhali babu abin da ya taɓa haɗa su.

Ana buƙatar ƙarin kalmomi biyu. Karin sauti shi ne hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, tsawon wasali kuma shi ne jan a, e, i, o, u ko gajarta su. Da waɗannan biyun Bahaushe ke bambance gari na mutane da gari na tuwo, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka tun a cikin Hausa kanta, kafin a tsallaka zuwa wani harshe, ido yana ganin kalma ɗaya a inda kunne ke jin biyu.

Anka da Gummi a idon baƙo

A harshen mutanen Suwidin, anka na nufin agwagwa. A Turkanci kuwa Anka sunan wata tsuntsuwa ce ta tatsuniya, kuma daga Larabci ya zo, inda kalmar take farawa da ainun, tana kuma da ƙafun a tsakiya. Da aka rubuta ta da haruffan Rumawa sai waɗannan sautuka biyu suka ɓace wa ido, ta fito daidai da sunan garin Sarkin Zamfara. Ko a cikin gida, Bazamfare yana cewa “abin da anka yi” a inda Bakano zai ce “abin da aka yi”, kamar yadda yake cewa munka, kunka, sunka. Ga anka huɗu ke nan, kowace da gidanta. Haka nan ankara: fi'ilin Hausa ne a “bai ankara ba”, sunan babban birnin Turkiyya ne wanda ya samo asali daga tsohon sunan Girkanci, sannan shi ne sunan da fataken Hausa suka daɗe suna kiran birnin Akara na Gana da shi.

Labarin Gummi ya fi armashi. A Jamusanci Gummi na nufin roba. Jamusawa sun samo kalmar daga Latinanci, Rumawa sun karɓo ta daga Girkawa, su kuma Girkawa daga Misirawan dauri, waɗanda ke kiran ƙaron itace da suna mai kama da haka. Wannan kalma dai ita ta shiga Turanci ta zama gum, daga can ta iso Hausa. Wato dai kalmar Jamusancin tana da 'yan uwa na gaskiya a bakin Bahaushe, amma su ne gam na liƙa takarda da cingam na tauna. Garin Gummi ba ya cikin wannan dangi.

Sai kuma abin da rubutu kan yi wa suna. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya kuma rasu a 1992, haifaffen Gummi ne, amma an saba rubuta laƙabinsa da m guda. Da wannan m ɗaya da ta faɗi, sunan ya koma daidai da gumi na zufa, daidai kuma da Gumi, wani birnin masana'antu a Koriya ta Kudu. Wanda ya dogara da rubutu kaɗai zai haɗa abubuwa uku da ba su san juna ba, ya raba biyu da suke abu guda.

Me ya sa arashi ya yi yawa?

Dalili na farko lissafi ne. Ana ƙiyasta harsunan duniya sun kai wajen 7,000, amma sautukan da bakin ɗan Adam ke yawan amfani da su ba su da yawa. A ɗauka harshe yana da baƙaƙe 20 da wasula 5: gaɓoɓi 100 ke nan irin su ba, ka, mu, ri. Kalmomi masu gaɓa biyu da za a iya ginawa da su 10,000 ne kacal. Hausa tana son irin wannan gini na baƙi da wasali, haka ma Japananci da Sawahili da harshen Malesiya. Idan kowannensu yana zuba dubban kalmomi a cikin waɗannan gurabe, ai rashin karo shi ne zai zama abin mamaki. Shi ya sa mata take nufin ido a Malesiya, uwa a Indiya, “kuma” a Japan. Shi ya sa wanda ya ƙirƙiro wasan judo a 1882 sunansa Kano, ba tare da ya haɗa komai da Dutsen Dala ba. Wani lokaci ma har ma'ana takan dace: a harshen Mbabaram na Ostireliya ana kiran kare dog, daidai da Turanci, kuma masana sun nuna cewa kalmar ta tsiro ne daga tsohuwar kalmar harsunan yankin.

Na biyu shi ne bakin jariri. Sautukan da yaro ke fara iya furtawa su ne na leɓe da na gaban harshe, iyaye kuma su ɗauka su yake kira. Don haka baba da mama da dada suka bazu ko'ina, sai dai kowace al'umma da wanda ta laƙaba wa. A ƙasar Jojiya mama uba ne, uwa kuwa deda. Irin waɗannan kalmomi ba a kafa hujjar dangantaka da su.

Na uku shi ne wanda aka riga aka taɓa, wato rubutu. Haruffan boko 'yan kaɗan ne, harsuna ɗaruruwa ke rabon su, kowane da irin sautin da ya ɗora wa harafi. Dawa ta Bahaushe hatsi ce ko jeji. Dawa ta Balarabe, wadda Sawahili da Indiyanci suka ara, magani ce, kuma tana ƙarewa da hamza da rubutun boko ke zubarwa.

Abin da ramin zinariya ya koyar

A 2010 ne ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma da Tungar Guru. Tsadar zinariya a kasuwar duniya ta sa mutane sun duƙufa haƙo dutse. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a wanke garin, a zuba zaiba ta kama zinariyar. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, sannan aka sami damar yi wa yaranta magani.

Kalmomin wannan labari su kansu darasi ne. A fara da dalma, wadda wasu ke furtawa darma, irin musayar l da r da ke tsakanin galma da garma, ko halshe da harshe. Darma ta yi kama da dharma ta Sanskirit, mai nufin wajibi ko tafarkin addini. Dalma kuma sunan wani abincin wake da ganyaye ne a jihar Odisha ta Indiya. Duk arashi ne. Amma sunan dalma na Larabci, ar-rasas, yana bakin Hausawa kullum ba tare da an ankara ba: shi ne harsashi, saboda da dalma ake yin ƙwayar da bindiga ke harbawa. A Zamfara ta yau, abin takaici, ba kalmar da ke buƙatar fassara ba ce.

Zinariya ta fi kowacce doguwar tafiya. Rumawa suna da kuɗin azurfa mai suna denarius. Sunan ya shiga Larabci ya zama dinar, kuma tun zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, a ƙarshen ƙarni na 7, dinari ya tabbata a matsayin kuɗin zinariya na daular Musulunci. Da kalmar ta ƙetaro Sahara sai ta bar kuɗin ta koma sunan ƙarfen kansa: zinari, zinare, zinariya. Daga baya malamai suka sake ɗauko ta daga littattafan fiƙihu a siffar dinari, ya zama an ari kalma guda sau biyu. Dattawan da suka yi amfani da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 za su tuna cewa da harafin d ake rubuta kwabo. Wannan d ɗin ma denarius ce. Shi kuwa kwabo daga copper ya zo, sunan jan ƙarfe a Turanci. Gwal, wadda ta fi yawa a bakin mahaƙa da dillalai a yau, daga gold take, har Hausa ta yi mata jam'i irin nata, gwalagwalai. Azurfa daga harsunan Buzaye da danginsu ta zo, zaiba kuma daga Larabci.

Ga kuma kwalli da tozali. Kwalli daga kuhl na Larabci yake, tozali daga Buzanci. Wannan kuhl ɗin ne, tare da al ɗinsa, ya shiga Latinancin masana kimiyyar Turai da ma'anar gari mai laushi, ya zarce ya zama sunan abin da aka tace, har ya ƙare a alcohol, sinadarin da ke sa maye a giya. Babu wanda zai kalli kwalli da alcohol ya ce tushensu ɗaya, amma haka abin yake. Dangantaka ta gaskiya sau da yawa ba ta da kama, domin kowane harshe yakan tauna kalmar da ya karɓa har ta dace da bakinsa. Likita daga doctor take, littafi daga al-kitab, kasuwa daga suƙ ta Larabci ta hannun Barebari.

Ra'ayoyi mabambanta

Ɓangare na farko su ne masu ɗaukar kama a matsayin shaida. A nan ake samun masu cewa Hausa daga Habasha take don sunayen sun yi kusa, da masu fassara ta da “hau sa”, da masu cewa duk kalmar da ta yi kama da Larabci to Larabci ce. Akwai kuma labarin da ake bayarwa cewa sunan Zamfara daga “mazan Fara” ya fito, wato mazajen da suka taimaki wata 'yar sarki mai suna Fara. Irin waɗannan labarai ba abin rainawa ba ne. Suna nuna yadda al'umma take kallon kanta da maƙwabtanta, kuma masanin tarihi yana da abin tsinta a ciki. Sai dai bayanin da aka yi wa suna bayan sunan ya daɗe da wanzuwa ba ya zama hujjar yadda sunan ya samu.

Ɓangare na biyu sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen. A wurinsu duk abin da Hausa ta haɗa da Larabci aro ne da Musulunci ya kawo, ko kuwa arashi. Wannan ma kuskure ne. Joseph Greenberg, a ayyukansa na shekarun 1950 da littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka, ya sanya Hausa da 'yan uwanta na rukunin Cadi, irin su Bolanci, Badanci, Ngizim, Tangale da Angas, a cikin babban gida ɗaya da Larabci, Ibrananci, Buzanci da tsohon harshen Misira. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa batun rukunin Cadi ta hanyar kwatanta sautuka dalla-dalla. Shaidun ba kalmomin masallaci ko na kasuwa ba ne. Abubuwa ne da harshe ba ya cika arowa: mutu a Hausa da mata, yamutu a Larabci, me da ma na tambaya, ta ta mace, huɗu ko fuɗu da makamanciyarta a tsohon harshen Misira. Mafi ƙarfi shi ne nahawu. Bahaushe ya ce gidanka, gidanki. Balarabe ya ce baituka, baituki. Wannan gado ne da ya girmi zuwan Musulunci da dubban shekaru. A ɗaya hannun, Dakarkarin ƙasar Zuru maƙwabtan Gummi da Bukkuyum ne na ƙut da ƙut, ana cuɗanya ana musayar kalmomi, amma harshensu na wani gida ne daban, kamar yadda Fulatanci da Barbarci suke.

Su kansu masu ilimi sukan faɗa tarkon kama. Shekara da shekaru littattafai da jaridu suna maimaita cewa boko daga book ta Turanci take. A 2013 Paul Newman ya rubuta maƙala yana nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaskiya ba, irin wadda ke cikin amaryar boko da biri-boko, aka laƙaba wa karatun da Turawa suka kawo. Hujjarsa ta sauti mai sauƙi ce: Turanci cook ya ba mu kuku, don haka da book aka ara, da u za ta fito, ba da o ba. A ganin mai wannan sharhi, hujjar ta zauna.

Yadda ake tantancewa

Misalin kuku ya nuna ma'aunin da ya fi kowane: tsari mai maimaituwa. Harshe ba ya canza sauti a kalma ɗaya ya bar sauran. Tsofaffin kalmomin Larabci da suka shigo Hausa sun mai da harafin ladi ya zama l, shi ya sa ake da alƙali, alwala, farilla, lalura, da sunan Ramalan. Da yawa sun shigo da al a manne, cikakke ko gutsure: albasa, alƙalami, labari, liman, laifi. Kalmomin Turanci kuwa p ɗinsu takan koma f, kamar fensir, famfo, fasinja, kuma ana raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, kamar burodi da asibiti. Duk kalmar da aka ce aro ce, sai a gwada ta da 'yan uwanta da suka bi hanya ɗaya.

Bayan wannan sai a nemi hanyar da kalmar ta biyo. Dala ta kuɗi tana da sawu a fili: kuɗin azurfa da aka fara bugawa a ƙarni na 16 a wani kwarin haƙar ma'adinai na ƙasar Bohemiya, sunansa ya gajarce ya zama taler, ya haifi dalar Amurka, kuma irinsa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Har gobe a Maraɗi da Damagaram dala na nufin tamma biyar ta sefa. Dala ta Kano dutse ne da ke wurin tun kafin a buga wannan kuɗi, kuma daga gare shi dalar gyaɗa ta sami suna. Sannan a duba tsohuwar ma'ana, don ma'ana tana tafiya. Fatila a Larabci lagwani ce, a Hausa fitila ta zama abin hasken gaba ɗaya. Tajir ɗan kasuwa ne ko da jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma attajiri sai mai dukiya. Gift kyauta ce a Turanci, guba ce a Jamusanci, kuma a wannan karon tushen ɗaya ne, wato abin da aka bayar.

Illar da ruɗanin ke iya haifarwa

A fagen tarihi, illar ita ce a gina asalin al'umma a kan harsashin da ba shi da ƙwari, ɗalibai su haddace, a bar bincike na gaskiya da ke jibge a ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da ayyukan sassan Hausa na jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato. A fagen fassara kuwa, mai juya takardar Turanci yana iya cin karo da lead, wadda a rubuce ɗaya ce amma tana nufin dalma, tana kuma nufin jagoranci, furucin ne ya bambanta.

Inda abin ya fi tsanani shi ne lafiya. A bakin mutane dalma ba ƙarfe ɗaya ba ce. Ana kiran tukunyar da maƙeran fari suka zuba da narkakken goran-ruwa tukunyar dalma, ana kiran abin liƙin gwangwani dalma. Wanda aka ce wa ya guji gubar dalma yana iya duban tukunyarsa, alhali abin da ya kashe yara a Dareta da 'Yargalma ƙura ce mai kama da kowace ƙura, ba ta walƙiya, ba ta wari. Haka nan tsofaffin ƙamusoshi sukan fassara tozali da sunan wani ma'adini daban, antimoni, amma dutsen da ake niƙawa a zuba a tandu sau da yawa galina ne, wato ainihin dutsen dalma, kuma shi ake rambaɗa wa jarirai a ido tun suna cikin tsumma. Sunan bai nuna haɗarin ba ko kaɗan.

Saboda haka kira ga ma'aikatan lafiya, masu shirye-shiryen rediyo, limamai da malaman makaranta a Anka, Gummi da Bukkuyum: idan za a yi maganar gubar dalma, kada a tsaya ga sunan. A faɗa wa mutane a fili cewa tana cikin garin dutsen da ake niƙawa, da ƙurar da ke maƙale a tufafin mahaƙi idan ya dawo gida, da wasu nau'o'in tozalin da ake sayarwa a kasuwa, kuma yara ƙanana ta fi yi wa lahani.